Kafin Ka Ce Faifan Ya Mutu

Ɗana,



Daren jiya da ka kira ni muryarka tana rawa, ban ba ka dogon jawabi ba. Cewa kawai na yi ka kashe kwamfutar, ka zare filashin, ka ja ƙofar shago ka tafi gida. Na ji a muryarka hakan bai yi maka daɗi ba: kai kana neman magani, Baffanka yana aika ka barci. Da gangan na yi. A shekarun da na shafe cikin wannan sana'a ta gyaran kwamfuta, tun ina da 'yar rumfa a titin Beirut, kayan mutane da na ga sun salwanta kaɗan ne na'ura ta cinye da kanta. Mafi yawansu a hannun mai gyara suka tafi, bayan Isha'i, ga gajiya, ga fargabar abin da zai gaya wa mai kaya da safe. To, yanzu gari ya waye, ga amsar da ban ba ka jiya ba.

Bari in mayar maka da labarin yadda na ji shi, in na yi kuskure ka gyara mini. Wata Hajiya ta kawo laftof ɗinta, wadda a ciki take riƙe lissafin shagon atamfarta, da sunayen masu bashi da abin da take bin kowa, da hotunan bikin 'yarta. Ta ji an ce Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, tana so a mayar mata da ita Windows 11. Ka fara ɗorawa a kan tsohuwar, aiki ya yi nisa, sai ya juya ya koma inda ya fito, ya bar maka lamba 0xC1900101. Ka kalli wani bidiyo, mai bidiyon ya ce a shiga BIOS a mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. Ka yi hakan. Da ka fito sai shuɗin allo. Ka ce to bari in yi sabon ɗori daga filashi, ka iso inda ake zaɓar faifai, ka tarar da wuri fayau, babu ko layi ɗaya. Daga nan ka yanke hukunci cewa faifan ya mutu, har ka fara lissafin kuɗin sabo.

Idan ka aiki yaro kanti ya dawo ya ce bai ga mai kanti ba, ai ba shirin zuwa ta'aziyya kake yi ba. Tambayarsa kake yi: wane kanti ka je? Ka shiga ciki, ko daga bakin titi ka leƙa? Haka ma kwamfuta. In ta ce ba ta ga faifai ba, sai ka tambaya wa ya faɗi haka a cikinta, domin masu gani uku ne a wurin, kuma kowa da irin idonsa. Akwai BIOS, wanda a na'urorin yanzu ainihin sunansa UEFI, sai dai bakinmu ya riga ya saba da tsohon suna. Shi ke farkawa kafin kowa, ya ƙirga abin da ke jone a bod. Akwai manhajar ɗori da ke kan filashinka, wadda ita ma wata 'yar ƙaramar Windows ce da ta yi guzurin direbobi ƙalilan. Sannan akwai Windows ɗin da ke zaune a kan faifan. Kai na biyun kaɗai ka tambaya, wanda ya fi sauran ƙarancin sani, kuma da maganarsa za ka binne faifan Hajiya.

Ka ce mini firosesar laftof ɗin Intel ce tsara ta 11. Tun da ka faɗi haka zuciyata ta ɗan kwanta. A laftof masu wannan tsara zuwa sama akwai wani abu da ake kira VMD, wanda ke shiga tsakanin faifan NVMe da manhaja kamar dillali a kasuwar kara: in yana nan, ba ka isa ka yi ciniki da mai dabba kai tsaye ba, sai ta bakinsa. Manhajar da ba ta da direban da ke jin yaren wannan dillali ba za ta ga faifan ba sam, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau. A Dell za ka ga abin a matsayin zaɓi tsakanin RAID On da AHCI, a Asus kuma sunan VMD ɗin ne a rubuce. Laftof da yawa suna fitowa daga kamfani da shi a kunne. Masu sayar da na hannu kuwa, irin waɗanda ke zuwa mana ta Legas, sau da yawa kashe shi suke yi don ɗorin Windows ya zo musu da sauƙi, su ɗora, su sayar. Na'ura ta yi shekaru tana aiki a haka babu wanda ya sani. Ranar da wani ya shiga BIOS ya ce a koma yadda aka zo daga kamfani, dillali ya dawo bakin aikinsa. Windows ɗin da ke ciki ba ta taɓa saninsa ba, sai ta faɗi da shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Filashinka ma bai san shi ba, sai ya nuna maka fili. Alamomin nan biyu da suka tsorata ka, a ganina, asalinsu ɗaya ne, kuma hannunka ne ya taɓa shi. Ba faɗa nake yi maka ba. In hasashena ya yi daidai, wannan albishir ne, don abin da hannu ya juya hannu na iya mayarwa.

Na yi dariya bayan mun gama waya, ba don halin da kake ciki ba, sai don na tuna wannan ciwon ya girme ka a sana'a. Windows XP ta fito a 2001, lokacin faifan SATA bai yaɗu ba. Da laftof masu SATA suka cika kasuwa, sai ka sa faifan CD na XP ya yi ta loda kaya, a ƙarshe ya ce bai sami faifai a kwamfutar ba. Maganin a lokacin shi ne ka danna F6 tun farkon ɗori ka ba shi direba daga fulofi, alhali laftof ɗin ba ta da ramin fulofi. Sai dai mu koma BIOS mu sa faifan ya yi shigar tsohon IDE, ko mu ɗinka direban cikin CD da wata manhaja mai suna nLite. Wanda ya juya wannan saiti bayan ɗori kuwa, shuɗin allo ne mai lamba 7B. Ka duba, lambar INACCESSIBLE BOOT DEVICE har gobe 7B ce. Mutanen Linux ma sun sha tasu. A 2007, da Fedora 7 ta fito, faifan da aka saba kira hda ya koma sda, duk wanda ya rubuta tsohon sunan a fayil ɗin fstab sai ya tarar na'urarsa tana neman faifan da ke gabanta da sunan da ya daina amsawa. Shi ya sa yanzu suke kiran kowane yanki da doguwar lambarsa ta UUID, wadda ba ta canzawa.

Saboda haka abu na farko yau da safe, ka shiga BIOS, ka nemi faifan da idonka. F2 ce a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. In VMD yana kunne, wani lokaci faifan ba ya fitowa a inda ka saba ganinsa, sai a shafin Intel RST, don haka ka duba nan ma kafin ka karaya. In ka ga sunansa da girmansa, ka yi hamdala. Bayan mun yi magana, ka mayar da saitin yadda yake a da, ka fita, ka ga ko Windows za ta tashi. Kuma daga yau, kafin ka taɓa komai a BIOS ɗin wani, ka zaro wayarka ka ɗauki hoton kowane shafi. Minti biyu ne. Da ka yi haka jiya, da ba ka kwana da damuwa ba, ni ma da ban zauna rubuta wannan doguwar takarda da tabarau a hanci ba. Ranar da ka haɗu da na'urar da kamfaninta bai bar wurin kashe VMD ba, sai ka je shafin kamfanin ka sauko da direban Intel RST na wannan samfurin, ka warware shi a filashi, a wurin zaɓar faifai ka danna Load driver ka nuna masa. Faifan zai bayyana kamar dama can yana bayan ƙofa.

Akwai wata ƙofa da za ta iya tare ka bayan wannan, gara ka san da ita tun yanzu. Mai yiwuwa in Windows ta zo tashi ta nemi mabuɗin BitLocker, lambobi 48. Dalili shi ne, faifai da yawa a kulle suke da sirri ba tare da masu su sun sani ba. Mabuɗin sirrin yana ajiye a TPM, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin na'urar, shi kuma TPM ba ya sakinsa sai ya ga na'urar ta tashi ta hanyar da ya saba gani. Ka taɓa Secure Boot ko ka sabunta BIOS, sai ya ce bai gane ka ba. Abin ya ƙara yawa tun daga Windows 11 ta 24H2, wadda ke kulle faifai da kanta a sabon ɗori in aka shiga da asusun Microsoft, har a na'urorin gida. Mabuɗin mai lambobi 48 ɗin yakan kasance a cikin wannan asusun. To a nan ne tamu matsalar take, don sau nawa za ka tambayi mai kwamfuta asusunsa ya ce ai yaron shagon da ya saya ne ya buɗe masa, bai san imel ɗin ba balle kalmar sirri. In kuma tsohuwar na'urar wani kamfani ce a Turai da ba a sake mata ɗori ba, mabuɗin yana can wurin kamfanin. Wanda ya rasa lambobin nan 48 ya rasa kayansa, babu mai gyaran da zai buɗe, Microsoft da kanta ta ce ba ta iya ƙirƙiro mabuɗin da ya ɓata. Don haka kafin babban aiki, tun na'ura tana tashi, ka buga manage-bde -status ka ga ko a kulle take. In a kulle take, ka fitar da mabuɗin, ka rubuta a takarda ka damƙa wa mai ita, ka dakatar da kariyar na ɗan lokaci, sannan ka shiga BIOS. In ya tare ka yau, kada ka yi ta cacar lambobi. Ka kira Hajiya cikin ladabi ka tambaye ta wane imel take shiga da shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka tafi gida. Ka ambaci cewa kana shirin danna Shift da F10, ka buɗe diskpart, ka buga clean, don ka ga ana yin haka a bidiyo idan faifai ya yi gardama. Da faifan ya bayyana a jerin a wannan lokacin, da ka buga. Kalmar tana da daɗin ji, kamar shara za a yi. Abin da take yi shi ne goge taswirar faifan, wato rubutun da ke faɗin inda kowane yanki ya fara da inda ya ƙare, kuma ba ta tambayarka ko ka tabbata. 'Yan'uwanta biyu suna cikin Windows. Ɗaya ita ce tagar da ke buɗewa a Disk Management ta ce faifan nan sai an yi masa Initialize. Ɗayar kuma ita ce mai cewa sai ka yi fomat kafin ka iya amfani da shi. Dukansu suna zuwa da fuskar taimako, maɓallin amincewa yana nan kusa da yatsanka. Sabon faifai daga kwali, bismilla, danna. Faifan da ka san akwai kayan mutum a ciki kuwa, wannan tambayar tana nufin Windows ta kasa karanta taswirarsa ne, galibi kayan suna nan inda suke. Garin neman gira kada ka rasa ido.

Ni na rasa, shi ya sa nake faɗa maka. Zamanin XP ne, wani malamin kwaleji ya kawo mini kwamfutar tebur mai faifai biyu, girmansu ɗaya, kamfaninsu ɗaya. Ɗaya na manhaja, ɗaya kuma a ciki yake tara rubutun digirinsa na shekara huɗu. Dare ya yi, janareto yana shirin shanye mai, na zaɓi na sama a jeri don na saba na sama shi ne na manhaja. Ba shi ba ne. Na kwana uku ina tono, na samo wasu babobi, wasu kuma sun tafi don na riga na ɗora Windows a kansu. Da na gaya masa, na shirya jin zagi. Shiru ya yi, ya cire hularsa ya mayar, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya biya ni kuɗin aiki ya tafi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tun daga ranar, ba na ɗora manhaja a na'ura mai faifai fiye da ɗaya sai na zare wayar sauran da hannuna. Wannan ɗabi'ar tana da wata riba ma: Windows takan ajiye ɗan yankin tashinta a wani faifan dabam in ta gan shi a jone, sai ranar da aka cire wancan a rasa dalilin da na'ura ta ƙi tashi.

A lokacin ma da sauƙi, don faifai mai juyawa yana riƙe abin da aka goge har sai an rubuta wani abu a kansa. In taswira kawai ta ɓace, manhajar TestDisk, wadda kyauta ce, takan iya gano yankunan ta dawo da su. SSD ba shi da wannan haƙurin. Akwai umarnin TRIM da Windows ke aika masa bayan gogewa ko fomat, ta ce wuraren nan babu mai bukatarsu, shi kuma ya share su da kansa a ɓoye. Kuskuren da a da ake kwana uku ana gyarawa, yanzu kafin ka gama salati ya zama tarihi.

Wani lokaci kuma abin bai kai ya kawo ba. Bayan an hau sabuwar Windows mutum ya zo a guje ya ce faifansa na D ya ɓace. Ka buɗe Disk Management ka gan shi zaune lafiya, harafi kawai ya rasa. Ka ba shi harafi, shi ke nan. Ko ka gan shi an rubuta Offline, wanda yakan faru in an kwafi faifai sukutum aka jona su biyun tare, sa hannunsu ya zo ɗaya. Waɗannan ba sa cin minti biyar, kada ka caji mutum kuɗin babban aiki a kansu.

Wanda zai fi yawan zuwar maka a watannin nan shi ne rikicin MBR da GPT, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. MBR tsohon tsarin taswira ne tun 1983, manyan yankuna huɗu kawai yake ɗauka, kuma ba ya wuce terabait 2. GPT shi ne na yanzu, yana ɗaukar yankuna 128 a Windows, yana kuma ajiye kwafin taswirarsa a ƙarshen faifai saboda ɓacin rana. Windows 11 tana son UEFI, UEFI kuma a wurin Windows da GPT yake tafiya. Na'urori da yawa a hannun mutanenmu sabbi ne a jiki, amma wanda ya yi musu ɗori ya yi shi ta tsohuwar hanya, a kan MBR. Ka juya BIOS zuwa UEFI kai tsaye, sai ta ce babu abin da za ta tashi da shi, ka ga wani “faifai ya mutu” ke nan. Ka zo ɗori daga filashi, ta ce ba za ta zauna a kan MBR ba, sai yara su ruga wurin clean. Alhali tun Windows 10 ta 1703, a 2017, akwai mbr2gpt a ciki, wanda ke juya taswirar ba tare da taɓa kaya ba. Ka fara da validate ya duba ko faifan ya cancanta, don ba ya karɓar wanda manyan yankunansa suka wuce uku, sannan convert, sannan ka shiga BIOS ka koma UEFI. Tsarin ke nan, kada ka sa na baya a gaba. Kuma hanya ce mai tafiya babu dawowa, saboda haka kwafi tukuna. In kana son sanin wane iri ne a gabanka, list disk a diskpart zai sa tauraro a gaban mai GPT. Wannan umarnin kallo kawai yake yi, ba ya rubuta komai.

To in ka duba BIOS ko'ina babu faifan fa? Ko a nan ma da sauran magana. Ka cire caja da batir, ka buɗe, ka zare faifan ka hure ramin ka mayar da shi da kyau. Ƙurar hunturu da zafin bazara da jijjigar babur suna sassauta abin da ba ka zata ba. In sabon faifai ne aka sa, ka tabbata irin ramin ne, don M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, wani yakan shiga ramin ɗan'uwansa daram amma ba za su yi magana ba. A tsofaffin na'urori ka kalli agogon BIOS: in kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batirin nan CR2032 ne ya ƙare, kuma duk lokacin da aka cire wuta saitin yana komawa na kamfani da kansa, ciwon jiya ya dawo ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Bayan duk wannan, ka sa faifan a kes na USB ka jona a wata kwamfutar, ka ji ta bakin shaida na dabam.

Faifai yana mutuwa, ban ce ba ya mutuwa ba. Kuma babban ɗori yakan zama sanadi, don yana karatu da rubutu na sa'o'i a wuraren da aka daɗe ba a taka ba, kamar a ɗora wa tsohon jaki buhu biyu a hau tudu da shi. Shi ya sa nake buɗe CrystalDiskInfo kafin in fara, in ga abin da faifan ke faɗi game da lafiyar kansa. In na ga rawaya, in ga yana ƙirga wuraren da suka lalace ya sauya, ba na ɗora komai sai an canza shi. In kuma mai juyawa ne ka ji yana ƙas-ƙas, ka kashe nan take. Kowane kunnawa yana rage abin da za a iya ceta. Irin wannan kwafe shi ake yi gaba ɗaya zuwa lafiyayye da ddrescue, a yi tonon a kan kwafin.

Kada kuma ka ɗauka kullum laifin mai gyara ne. A Oktoban 2018 Microsoft ta saki sabuntawar Windows 10 ta 1809, cikin 'yan kwanaki ta janye ta saboda ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, ba ta sake sakinta ba sai a Nuwamba. A ƙarshen 2024 wasu nau'o'in SSD na Western Digital, irin su SN770 da SN580, sun riƙa faɗuwa da shuɗin allo a kan 24H2 har sai da aka sabunta manhajar cikin faifan. Waɗanda suka ƙera abin ma ke nan. Don haka ba na jin kunyar in ce wa mai kaya ba zan fara ba sai na kwafe kayansa, ko da zai ce ina ɓata masa lokaci. Kwafin ma a duba shi: ka buɗe fayiloli kaɗan daga ciki ka ga suna buɗuwa. Kasuwa cike take da filashin ƙarya, a rubuta masa babban girma alhali cikinsa ɗan kaɗan ne, ya karɓi kaya yana murmushi, ranar bukata ka tarar da sunaye babu komai a ƙarƙashinsu. H2testw yana tona asirinsu, ka gwada duk wanda ka saya kafin ka ba shi amana. Wuta kuma ka san halinta. Laftof mai mataccen batir ko kwamfutar tebur marar UPS, ba a fara mata babban ɗori, balle sabunta BIOS, sai an tabbatar da abin da zai riƙe ta in aka ɗauke.

Ita kuwa lambar da ta fara jawo duk wannan, 0xC1900101, yawanci ƙarar direba take kawowa. Komawar da Windows ta yi baya ba lalacewa ba ce, tsare kanta ta yi. In na'urar ta tashi, ka kwafe kaya, ka cire duk abin da ke jone ban da caja, ka sabunta direbobin faifai da na hoto daga shafin kamfanin laftof ɗin, ka cire rigakafin bairos na waje in akwai, ka gudanar da SetupDiag ya karanta maka bayanan da ɗorin ya bari, sau da yawa yakan ambaci mai laifin da suna. In an hau lafiya, kada ka yi saurin share jakar Windows.old don neman wuri. Kwana 10 take bayarwa na komawa baya, ka bar Hajiya ta yi lissafinta na mako guda a kan sabuwar, ta ga firintarta da manhajar shagonta suna aiki.

Ita laftof ɗin Hajiya ta cancanci Windows 11, tunda tsara ta 11 ce. Amma za a kawo maka masu tsara ta 6 da ta 7 da yawa, waɗanda Windows 11 ba ta karɓa a hukumance, don daga ta 8 ta fara, tare da TPM 2.0. Na san Rufus yana tsallake shingen, ni ma na yi wa wasu. Sai dai ka gaya wa mai ita gaskiya, cewa ta taga aka shiga, kuma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura sabuntawa ba. In ya ji ya amince, ruwansa. Kada dai ya ji daga bakin wani bayan shekara.

Hajiya za ta zo da hantsi, ka ce. Kada ka ɓoye mata, kada kuma ka tsorata ta. Ka ce, “Hajiya, a yi haƙuri, na taɓa wani saiti jiya na'urar ta ƙi tashi. Ina kyautata zaton kayanki suna nan, kuma ba zan ɗora komai ba sai na kwafe su kin gani da idonki. A ƙara mini zuwa gobe.” Sannan ka tambaye ta imel ɗin da take shiga da shi, ko da za a bukata.

Ka kira ni bayan Azahar ka karanta mini abin da ke rubuce a shafin faifai na BIOS, harafi da harafi, kafin ka juya komai. In ba ka same ni ba ina masallaci, ka turo hoton. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya iso.

Baffanka.